Yadda za a zaɓi kwamfutar ɗaukar waƙa a Damagaram

Duk mai son buɗe ƙaramin situdiyo a Zango ko a Birni, kafin ya nufi Kasuwar Dole ko ya aika Kano a sayo masa kwamfuta, ya fara tsayar da manhajar da zai yi aiki da ita. FL Studio da Cubase da Reaper suna aiki a kan Windows da Mac, amma Logic Pro sai na'urorin Apple kaɗai.

Daga nan sai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Core i5 ko Ryzen 5 ya wadatar, sai dai a tambayi zubinsa, wato fitowa ta nawa ce, domin mai sayar da na hannu yakan ce "i7 ce" ya yi shiru, alhali sau da yawa i5 ta zubi na takwas ta fi tsohuwar i7 ƙarfi. A firosesar Core, daga zubi na takwas ne kuma Windows 11 take karɓar na'ura, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, giga 8 zai ɗauki murya da kalangu, amma idan sautuka suka yi yawa sai waƙa ta fara tsinkewa, saboda haka 16 ya fi kwanciyar hankali. Ma'ajiya ta kasance SSD, wato irin mai sauri. Katin hoto mai tsada kuwa na masu wasanni ne, ba ya ƙara wa murya komai.

Kuɗin da aka rage a can a zuba shi a akwatin sauti na USB da ke haɗa makirfo da kwamfuta, irin Focusrite Scarlett 2i2, mai direban ASIO (manhajar da ke rage jinkirin sauti) da wutar bolt 48 da makirfon situdiyo irin na kondensa ke buƙata. Idan babu shi, mawaƙi zai riƙa jin muryarsa tana dawo masa a makare cikin abin kunne har kiɗa ya kuɓuce masa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne yanayin garinmu. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka takan rage gudu da kanta, ta yi ta huci har makirfo ya ɗauka. Don haka a shagon ma a buɗe aiki mai nauyi na rabin awa, a ɗora tafin hannu a ƙasanta, a kasa kunne. Sannan a zare caja a ga ko batirin zai riƙe awa biyu, tun da ana iya ɗauke wuta mawaƙi yana tsakiyar baiti.