Ɗigon da ke bin kowane hoto, da sauran kurakuran masu koyo

Ka dawo daga hawan sallah, ka buɗe hotuna a kwamfuta, sai ka ga wani ɗigo dishi-dishi a sararin sama, kuma wuri ɗaya yake zama a kowane hoto. Yawancin masu koyo gilashin gaba suke hau da gogewa, wani ma da gefen riga. Wahalar banza ce. Ƙura ce, kuma tana can cikin kyamarar, a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar tukuna. Matse ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi ta cikin gilashi, zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango ko sama, sannan ka zuƙo hoton. A f/2.8, inda ƙofar ke buɗe sosai, ɗigon ɓacewa yake yi, shi ya sa wasu ke zaton ya tafi da kansa. Wanda kake gani ta mahangin kyamara mai madubi amma babu shi a hoto, wannan ba ya kan sensa, ka ƙyale shi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne busawa da baki. Yawu ne zai biyo iskar, ya bar tabon da ya fi ƙurar wuyar fita. Iskar gwangwani ma ba ta da amana. Fara da tsaftacewar da kyamarar ke yi da kanta ta hanyar girgiza, dabarar da kamfanin Olympus ya fito da ita a 2003, yanzu Canon da Nikon duk suna da irinta. In bai yi ba, cire gilashin, kifa kyamarar, bakinta na kallon ƙasa, ka busa da 'yar robar busa iska ba tare da ta taɓa ciki ba. Batir kuwa ya zama cike: in ya mutu kana tsakiyar aiki, madubi da labule, wato marufin da ke gaban sensa, waɗanda batirin ke riƙe da su a buɗe, za su rufo kan abin da ke hannunka. Ka tuna hoto a juye yake sauka, ɗigon da ke sama a hoto yana ƙasa a kan sensa.

Sai ƙura ta kafe ake kai wa ga jiƙawa. Auduga da tsumma ba nasu ba ne. Akwai tsinken goge sensa daidai girman sensar kyamararka, ɗigo ɗaya ko biyu na ruwansa, shafa ɗaya zuwa, ɗaya dawowa da ɗaya gefen, sannan a yar.

Da hunturu kuwa, canza gilashi a fili gayyatar ƙura ce. Kashe kyamarar, shiga ɗaki ko mota.

Wani kuskuren na haske ne. Farar shadda da tsakar rana tana ruɗar kyamara, ta rage haske, fuskar ango ta fito duhu. Ja shi inuwa, ko ka ƙara hasken da mataki ɗaya.