Yadda Iyali Za Su Yi Hutun Keke da Kwanan Tanti Daga Accra Zuwa Togo

Magidancin da ke zaune a unguwannin Accra irin su Nima ko Mamobi ko Madina, idan ya ƙudura niyyar fita da iyalinsa wata ƙasa a kan kekuna, suna kwana a tanti, babu inda ya fi masa sauƙi kamar kudancin Togo. Daga Accra zuwa Aflao kusan kilomita 190 ne, kuma da zarar an tsallaka shingen iyaka an shiga birnin Lome kai tsaye. Agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, duka a hannun dama ake tuƙi tun da Ghana ta sauya a 1974, sannan yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan ƙasa damar zama har kwana 90 ba tare da biza ba. Arewacin Togo dai a bar shi, domin yankin Savanes yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga.

Abin da ya kamata maigida ya fara amincewa da shi shi ne, ƙarfin ƙaramin yaron da ke cikin ayarin shi ne ma'aunin tafiyar baki ɗaya. Babban mutum yana iya cin kilomita 80 a wuni ya kwana lafiya, amma yaro ɗan shekara goma da ya yi 25 ko 30 ya yi abin yabo, kuma idan aka matsa masa a ranar farko, to a rana ta biyu da kuka za a tashi. Saboda haka, wata guda kafin tafiya a riƙa fita da yara da uwargida kowace Asabar bayan sallar Asuba, a fara da kilomita biyar, a riƙa ƙarawa, har a kai ga fita da kaya ɗaure a kan kariya, domin keken da aka yi wa lodi yana da wata irin rawa da sai an saba da ita. Yaron da bai iya sakin hannu ɗaya ya yi ishara ba, ko bai iya taka birki ya tsaya cak idan an daka masa tsawa ba, lokacin tafiyarsa bai yi ba tukuna.

Ba na ba kowa shawarar ya taka keke da yara a kan babbar hanyar Tema zuwa Sogakope zuwa Aflao, domin hanya ce ta manyan motocin kaya da direbobin haya masu gaggawa. A tafi tashar Tudu, a daidaita da direba, a ɗaure kekunan a saman mota bayan an sa kwali ko tsumma a tsakaninsu don kada giya ta lanƙwashe. A Lome ma haka za a yi, a sake ɗaukar mota a fita daga cunkoson gari da 'yan babur ɗin da ake kira zemijan, sai an kai Noepe ko gaba da nan a sauke kekuna. Daga Lome zuwa Kpalime, garin da aka nufa, kusan kilomita 120 ne, ta Keve da Assahoun da Agou, kuma garuruwan sun jeru ta yadda za a iya raba tafiyar zango uku ko huɗu. Tsohon layin dogon da Jamusawa suka buɗe a 1907 ya bi wannan yankin, shi ya sa har yau wata matattara a gindin Dutsen Agou take amsa sunan Agou-Gare, wato tashar jirgin Agou.

Batun takardu gajere ne amma ba a wasa da shi. Kowa ya riƙe fasfonsa, har da yara, a haɗa da takardar haihuwarsu, da katin rigakafin shawara, wanda allurarsa ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma da yi. A ajiye rasit ɗin kekunan a aljihu saboda jami'an kwastan. A canji sidi zuwa sefa kafin a yi nisa, a nemi ƙananan kuɗi da sulalla, domin mai sayar da ayaba a ƙauye ba za ta sami canjin jaka goma ba.

Keke kuwa, ba sai sabo ba. Irin na hannu da ake shigowa da su daga waje sun wadatar, muddin an kai su wurin ƙwararren mai gyara ya canja roban birki da wayoyinsa, ya duba sarƙa da giya, ya ɗaure sifokin da suka saki, ya sa sababbin tayoyi. Ya fi kyau kekunan manya su kasance masu taya inci 26, saboda ita ce aka fi samu a kowace kasuwa. A jakar gyara a sa tuf biyu na kowane girma, da faci da sholisho, da famfo, da sifana, da ɗan mai na sarƙa, kuma maigida ya zauna gaban mai gyaran ya koyi yin faci da hannunsa kafin a tashi. Kaya masu nauyi na manya ne. Yaro ya ɗauki gorar ruwansa da rigarsa kawai, da hular kwano a ka.

A lokaci, watan Agusta ya fi dacewa a ganina, saboda damina babba ta lafa, rana ba ta da zafi sosai, kuma makarantu suna hutu. Ƙarshen Disamba ma yana da kyau, sai dai ƙurar hunturu tana busar da maƙogwaro, ga sanyin asuba a kan tudu. Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen shida, kuma duhu yana rufewa da sauri. Don haka a hau keke da hudowar rana, a sauka kafin sha ɗaya, a huta a inuwa har bayan Azahar, in da saura a ƙarasa bayan La'asar. A kan hanya a jera layi ɗaya, uwargida a gaba, yara a tsakiya, maigida a baya inda idonsa ke kan kowa.

Wurin kwana shi ne inda mutane suka fi kuskure. Babu filin da ba shi da mai shi, kuma tantin da aka kafa a gefen gonar koko ba da izini ba yana iya jawo zargi da dare. Idan an isa gari tun da sauran rana, a tambayi inda zango yake, a nemi liman ko sarkin zango, a gaishe shi yadda ya dace, a ce, "Allah ya gafarta Malam, mu baƙi ne daga Accra, muna neman wurin da za mu kafa tanti kwana ɗaya." Hausa tana aiki a zangunan Togo, tun daga Agoe-Zongo na Lome har Kpalime. Inda babu zango, a nemi mai garin, wanda 'yan ƙabilar Ewe ke kira Togbui, a bi ta hannun na kusa da shi, kuma da safe a koma a yi ban kwana da ɗan abin goro. Kalmar "akpe", wato na gode, tana buɗe fuska. Sau da yawa harabar makaranta ko ta masauki ake nunawa, kuma biyan mai masauki ɗan kuɗi don a kafa tanti a farfajiyarsa yana samar da ban ɗaki da ruwan wanka, abin da mata da yara mata suka fi buƙata. A zaɓi tudu mai nisa da kwari da jerin tururuwa, a rufe zif ɗin tanti kullum, a kakkaɓe takalma kafin a sa saboda kunama.

Guzurin zango ya dace da irin wannan tafiya: garin rogo, da shito, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da dabino, sai ƙaramin risho na dafa shayi da shinkafa. Nama a saya wurin mahautan zango. Ruwan rafi a tafasa shi, kuma a riƙa tilasta wa yara sha kafin su ce suna jin ƙishi. Idan gudawa ta kama yaro kuma babu ƙullin ORS, a zuba cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Zazzaɓi kuwa, a dakatar da tafiya a nemi asibiti a yi gwajin maleriya a ranar. Nisan tafiyar ya kai na ƙasaru, sai dai a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya zai cika sallarsa.

Idan an isa Kpalime, a ajiye lodi a masauki, a riƙa fita da kekuna fayau zuwa ƙauyukan kofi da koko da magangarar ruwa ta Kpime. Dutsen Agou, mai tsayin mita 986, shi ne mafi tsawo a Togo, kuma hawansa ko hawan tudun ƙauyen Kouma-Konda ya fi ƙarfin ƙafar yaro, don haka a hau da mota. Wanda ya matsa sai ya gangaro da keke, ya riƙa kama birkin gaba da na baya tare a hankali, yana tsayawa lokaci-lokaci don gammon taya ya huce.