Yadda za ka fara tara sulallan tagulla na daular Rum

Idan daga nan Damagaram za ka fara, shawarata ka soma da ƙananan sulallan zamanin Sarki Kwanstantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337. An buga su da yawan gaske, shi ya sa suke da araha. Duba ƙasan bayan sulen, akwai haruffan garin da aka buga shi: ALE na nufin Iskandariya ta Masar.

In idonka ya buɗe, sai ka nemi sestertius, babban sule mai nauyin wajen giram 25. Sarki Ogustus ne ya daidaita tsarinsa wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa: ƙananan sulallan da ake kira as guda huɗu su ne sestertius ɗaya, sestertius huɗu dinari ɗaya na azurfa. Haruffan SC da ke bayansa izinin majalisar dattawa ne. Ni dai na Sarki Septimiyus Seferus ya fi kwanta min a rai, don haifaffen Libiya ne, maƙwabciyarmu.

Jabu sun yi yawa. Kai wa maƙerin zinariya ya auna maka, ka kuma shafa gefen da yatsa. In ka ji layin haɗi, ko ka ga ƙananan ramuka a fuskar sarkin, alamar zubi ce, wato jabu.

Don Allah kada ka goge koren da ke jikinsa da toka ko lemun tsami, darajarsa kenan. Koren da ke zuba kamar gari shi ne cuta; ware wannan sulen. Da damina, ka adana kowane a ambulan ɗin takarda, nesa da laima.