Kurakuran da masu fara nazarin ƙirar kalma a harsunan Kaukasus ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin abu ɗaya: mutum ya fara koyon harshen Jojiya, ya yi wata biyu yana haddar kalmomi kamar mai tilawa, sannan ya dawo yana cewa harshen ba shi da kan gado. Kan gado yana nan, hanyar da ka bi ce ba ta ɓullewa.

Tun daga suna ake fara ɓata. Babu wani iyali guda na "harsunan Kaukasus", wato harsunan yankin tsaunukan da ke tsakanin Baƙin Teku da Tekun Kaspiya. Uku ne. Akwai na kudu, wato Jojiyanci da danginsa Svan, Megrel da Laz. Akwai na arewa maso yamma: Abkhaz, Adige, Kabardi, da Ubik wanda mai jin sa na ƙarshe, Tevfik Esenç, ya rasu a Turkiyya a 1992. Sai na arewa maso gabas, irin su Cecen, Avar, Lezgi da Archi. Abkhaz yana lodin kusan komai a kan aikatau, suna kuwa ya bar shi tsirara. Lezgi kuma a kan suna yake jibga ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma. Kada ka ɗauki dokar wannan ka kai wa wancan don kawai maƙwabta ne.

Yanzu ga wanda ya ci ni da yaƙi. Na ɗauka aikau, wato mai yin aiki, kamanninsa ɗaya ne ko yaushe, kamar yadda Audu yake Audu ko jiya ya rubuta ko yanzu yake rubutawa. A Jojiyanci ba haka ba ne. Kalmar mama tana nufin uba, ba uwa ba (uwa ita ce deda, wannan ma ya isa ya rikita Bahaushe). Dubi jimla ɗaya a lokuta uku:

mama tsers tserils, baba yana rubuta wasiƙa.
mamam datsera tserili, baba ya rubuta wasiƙa.
mamas dautseria tserili, ashe baba ya rubuta wasiƙa.

Ka ga -s ɗin nan? A jimlar farko yana jikin wasiƙa, a ta uku ya koma jikin baba. A ta tsakiya kuma baba ya sami -m nasa na dabam, wanda ke zama -ma idan sunan ya ƙare da baƙi. Na yi watanni ina cewa "mama datsera" babu wanda ya gyara mini, domin ana gane nufina. Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne wakilin suna me, wato ni, ba ya sauyawa: me vtser, me davtsere. Mai koyo kuwa kullum zancen kansa yake yi, sai ya zaci ya iya. Ranar da malamarmu ta ce mu rubuta labarin wani, takardata ta dawo ja wur da jan biro, kamar an yanka kaza a kanta. Na ji kunyar da har yau nake tunawa.

Kuma kada ka ce ka gano dabara, wai duk aikatau maras karɓau, wato wanda aikinsa ba ya faɗawa kan wani abu, ba ya son -ma. Ana cewa mama movida, baba ya zo, babu komai a jikinsa. Amma bavshvma itira, yaro ya yi kuka, da -ma ɗinsa cif. Ni dai tun daga ranar ban sake rubuta aikatau shi kaɗai a littafina ba. Kowanne sai na yi masa layi uku da mama a gaba, in ja layi ƙarƙashin wutsiyar sunan. Wasu sun fi son haddace rukunan aikatau huɗu na nahawu tukuna. Su je su yi, ni bai yi mini ba.

Kuskure na gaba ya fi ba ni haushi, domin Bahaushe ne ya fi kowa rashin uzuri a kansa. Muna da shiga da shigo, fita da fito, kai da kawo. To haka Jojiyanci yake, sai dai shi a goshi yake sa alamar: midis yana tafiya, modis yana zuwa, shedis yana shiga, shemodis yana shigowa, gadis yana fita, gamodis yana fitowa. Wannan mo- ita ce -o ɗinmu. Amma sai ka ga ɗan'uwa ya bi ta Turanci, inda babu wannan tsari, yana haddace su ɗaya-ɗaya kamar ba su san juna ba. Kai malam, abu na cikin bakinka kake zuwa nema a waje! Haka ashenebs yana ginawa, ishenebs yana gina wa kansa, ushenebs yana gina masa, mishenebs yana gina mini. Wasali ɗaya ke yin aikin "wa". Hatta ƙ da ts namu suna nan cikin sautukansu, Bature na fama da su, mu kyauta muka samu.

Sauran ƙanana ne.

Kada ka nemi aikatau a ƙamus da harafinsa na farko kai tsaye. Fere ɗafa-goshin, wato ƙarin da ke farkon kalma, tukuna. A davtser, zan rubuta, saiwar ita ce tser.

Gtser na nufin ina rubuta maka. Alamar "ni", wato v-, faɗuwa take idan g- ta zo, kada ka cusa ta.

A Avar jinsi yana fitowa a goshin aikatau: vach'ana ya zo, yach'ana ta zo, bach'ana na dabba ko abu, rach'ana sun zo. Lezgi, ɗan gidansu, ya zubar da wannan tsari gaba ɗaya, shi ma Jojiyanci bai san jinsi ba.

Alƙaluma kuma kada su firgita ka. Za ka ji an ce suna a Lezgi yana da siffofi 18, ko aikatau ɗaya na Archi zai iya ba da siffa fiye da miliyan ɗaya da rabi bisa lissafin masanin harshe Aleksandr Kibrik. Tubali ne ake ɗora wa tubali: wani ya nuna wuri, wani ya nuna daga can ne ko zuwa can.

Idan kuma ka ci karo da jam'i mai -ni ko -ta a Jojiyanci maimakon -eb-, alamar jam'i ta yau da kullum, ba kuskuren ɗab'i ba ne, tsohon jam'i ne da ya rage a manyan sunaye. Shi ne a Sabchota Kavshiri, yadda suke kiran Tarayyar Sobiyet.