Kurakuran da aka fi yi a girkin nama irin na Somaliya

Na farko dai attarugu ne. Hannunmu ya saba, da an ce nama sai a zabga yaji, alhali su girkinsu ƙamshi ne ba zafi ba. Zafin a gefe suke ajiye shi, wani haɗin koren barkono da lemon tsami da suke kira basbaas, mai so ya ɗiba.

Ƙamshin kuma daga xawaash yake fitowa (hawaash ake faɗa), wato kamun, kusbara, masoro, kadamon, kirfa, kanumfari da kurkur. Nan ake yawan kwafsawa. Wasu garin da ya shekara a leda suke zubawa, ba ƙamshi ba komai. Ki sayi 'ya'yan, ki ɗan gasa su a busasshen kasko da ƙaramar wuta har ƙamshi ya cika kicin, su huce sannan ki daka, kurkur kuma sai ƙarshe don shi gari ne, nan da nan yake ƙonewa ya yi ɗaci. Kanumfari kaɗan don Allah, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji.

Sai suqaar, naman da ake yankawa ƙanana a soya da albasa da tattasai. An wanke nama, yana ɗigar ruwa an juye shi duka a ƙaramin kasko, to ai dahuwa kike yi ba suya ba, ya fito fari fat yana tauri. Tsane shi sosai, mai ya yi zafi, ki soya kashi-kashi.

Naman akuya, hilib ari, ana fara dafa shi da albasa, tafarnuwa da xawaash kafin a gasa, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne a zubar da romon, bayan da shi ake dafa shinkafar bariis. In na raƙumi ne ƙara masa lokaci, ba ya son gaggawa.

Oodkac, wasu su ce muqmad, busasshen nama ne da ake soyawa a adana cikin man shanu. In bai bushe da kyau ba ko man bai rufe shi ba, lalacewa zai yi.

Af, kar ki manta ayaba a gefen faranti, tare da shinkafar da naman ake cin ta, ba bayan an gama ba.