Yadda ake karatun shirya taruka a jami'a, ga ɗalibin Katsina da Daura

Ɗalibi da yawa kan buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB yana neman karatun shirya taruka, ya duba sama ya duba ƙasa bai gan shi ba, sai ya haƙura. Karatun yana nan, sunansa ne ke ɓoye shi. A yawancin makarantun Nijeriya yana ƙunshe cikin fannin kula da baƙi da yawon buɗe ido, wanda za ka gani a rubuce da sunan Hospitality and Tourism Management ko wani suna makamancinsa. Kaɗan ne suka fito da kalmar taro fili a sunan digirin, kamar Jami'ar Afe Babalola da ke Ado-Ekiti mai Tourism and Events Management. Saboda haka aikin farko shi ne sanin sunayen da za a nema.

Takardun shiga

Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, da Turanci da Lissafi a ciki. Lissafin nan kada a raina shi, domin rabin sana'ar ƙidaya ce. Sai lambar NIN, wadda ba a rajistar JAMB sai da ita. Jarrabawar darussa huɗu ce, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya. Inda ake yawan faɗuwa shi ne zaɓen sauran darussa ukun. Wata makarantar ta ajiye kwas ɗin a tsangayar kimiyya ko aikin gona, tana son Kimistiri ko Bayoloji. Wata ta ajiye shi a tsangayar gudanarwa, tana son Tattalin Arziki. Wanda ya bar mai shagon intanet ya zaɓa masa zai iya cin maki mai kyau kuma a ƙi ɗaukarsa. Ka karanta sharaɗin kowace makaranta a kundin JAMB na shekarar da kanka, ka kuma tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin, ko NBTE idan kwalejin fasaha ce, domin kwas marar amincewa kan hana mutum zuwa bautar ƙasa.

Akwai hanya ta biyu. Ka yi ƙaramar difloma ta shekara 2 a kwalejin fasaha, irin ta Kaduna wadda ta daɗe tana koyar da kula da baƙi, sannan ko dai ka yi shekarar koyon aiki ka koma babbar difloma, ko ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Masu bin wannan hanya kan fito da hannu ya fi faɗawa, don sun riƙe tire, sun tsaya a kicin.

Idan kuma halin gida bai ba da damar barin jiha ba, musamman ga 'yan mata, ba a rasa mafita ba. Ki nemi Business Administration ko Accounting a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam, ki ɗora gajeren kwas na cibiyar NIHOTOUR, wato cibiyar tarayya mai horar da ma'aikatan kula da baƙi, sauran ki cike da aikin hannu. Mai ɗaukar aiki a wannan fanni ya fi tambayar taro nawa aka gudanar a kan sunan digiri.

Abin da za ka riƙe a aji

Shekarar farko darussan gama-gari ne. Daga aji biyu ake shiga lissafin kuɗi, tallata haja, dokar yarjejeniya, tsabtar abinci, tsara aiki da kula da haɗari. Kowanne ka koya, ka auna shi da wani taro na gaske a garinku a makon, in ba haka ba hadda ce kawai za ta zube bayan jarrabawa.

Ɗauki lissafin wuri. Baƙon da zai zauna a teburin cin abinci yana cin kusan murabba'in mita 1.2, wanda zai zauna a jerin kujeru irin na lacca, kusan 0.7. Zaure mai tsawon mita 30 da faɗin 20 murabba'in mita 600 ne. Cire kashi ɗaya cikin huɗu na dandamali da hanyoyin wucewa da wurin rabon abinci, saura 450. Raba da 1.2, ka sami mutum 375. Idan mai zaure ya ce maka yana cin mutum 600, ba ƙarya ya yi ba, jerin kujeru yake nufi, kai kuwa tebur za ka jera. Shi ya sa ake zuwa da abin awo a auna da hannu kafin a ba da kafin alƙalami.

Abinci ma haka. Idan ka ƙiyasta giram 150 na ɗanyar shinkafa ga kowane mutum, baƙi 400 za su ci kilo 60, wato buhu ɗaya mai kilo 50 da ƙarin 10. Ruwan leda 20 ne a jaka; a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu lokacin da Katsina ke haura digiri 40, ka sa leda 3 ga kowa, jaka 60 ke nan. Amma a nan littafin aji yake rabuwa da al'adarmu. Littattafan da aka rubuta a Ingila sun ɗauka wanda aka gayyata shi kaɗai zai zo, kuma zai sanar tukuna. A Katsina kati ɗaya kan jawo mace da ƙanwarta da maƙwabciya da goyo, kuma ba a korar wanda ya zo taya murna. Walimar da ba ta da mai tsaron ƙofa, ƙara mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku a kan adadin katin. Sannan ware abincin direbobi, jami'an tsaro, masu hoto da almajiran da za su taru a bakin ƙofa, a sa mutum guda a kansa. Dafaffiyar shinkafa kuma kada ta wuce awa 2 a buɗe ta huce. Ko ta zauna da zafinta a kula, ko a raba ta. Miya mai wake da haɗin kabeji mai mayonis su suka fi saurin lalacewa a zafi.

Wuta ita ce ta uku. Rubuta duk abin da za a jona: lasifika, fitilu, na'urorin sanyaya ɗaki, fankoki. A ce jimillarsu kilowat 24. Raba da 0.8, ka sami kVA 30, wato ma'aunin ƙarfin janareta, sannan ka ƙara rarar kashi ɗaya cikin huɗu saboda na'urar sanyi tana fizgar wuta lokacin tashi. Janareta mai kVA 40 kake nema, kuma zai sha kusan lita 7 na dizal a awa. Kada a haɗa layin lasifika da na na'urar sanyi, shi ke kawo ƙugin da ke cinye muryar mai jawabi. A kunna komai gaba ɗaya ana gobe taro, a bar shi ya yi rabin awa yana aiki.

A ƙarshen kowane kasafi a ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana, a gaya wa mai taro tun farko cewa abin da ya rage nasa ne.

Darasin haɗari

Ɗalibai kan ɗauki wannan darasi a matsayin cike gurbi, alhali shi ne mai rai a ciki. A Disamba 2024, cikin mako guda, turmutsitsi a wuraren rabon abinci ya kashe yara 35 a Ibadan, ya kashe wasu mutanen a Okija da Maitama ta Abuja. Masu shirya tarukan alheri suka nufa. Abin da ke kashe mutane a irin wannan wuri matsi ne: da zarar mutum ya haura 4 zuwa 5 a murabba'in mita ɗaya, taro ya fara tura kansa, wanda ke tsakiya ba ya iya numfashi.

Ka koyi rubuta takardar haɗari: me zai iya faruwa, yaya girmansa, wa zai tare shi, me lambar wayarsa. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma kada a kulle ta fita da kwaɗo don hana 'yan kutse. Rabon kayan azumi ko zakka ana yinsa da katin shaida da aka raba tun kafin ranar, rukuni-rukuni a lokuta daban, mata da tsofaffi a layinsu. Babban taro ana rubuta wa 'yan sanda da Sibil Difens takarda da wuri, da KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Katsina, idan zai taɓa titi, a nemi 'yan agaji da motar asibiti.

Yanayi ma haɗari ne. Iskar farkon damina, wajen Mayu zuwa Yuni, tana ɗaga rumfar da ba a kafe ba ta kifa a kan jama'a. Kowace ƙafa a ɗaure ta da turke ko buhun yashi. A hunturu kuma ƙura kan hana jirgi sauka, don haka babban baƙon da zai taso daga Abuja ko Legas a Disamba ko Janairu, a roƙe shi ya kwana a gari.

Makarantar da ke bakin ƙofa

Ɗan Katsina yana da abin da ɗalibin wani wuri zai biya kuɗin mota ya zo gani. Hawan Sallah da Hawan Bariki, da Sallar Gani da Hawan Magajiya a Daura, taruka ne na dubban mutane da ɗaruruwan dawaki, kuma suna tafiya bisa tsarin da aka gada. Lokacin hutu ka je da littafi, ka tsaya wajen Ƙofar Soro ka lura: wace tawaga ke gaba, wa ke bin wa, ina dogarai ke tsayawa, ta ina ake buɗe wa dawaki hanya, ina jama'a ke cushewa. Wannan shi ne darasin jerin girma, kuma ba a samunsa a littafi. Ranar da za ka shirya taron da hakimai za su halarta, sanin wurin zaman Kauran Katsina da Galadima da Yandaka da Durɓi, da kiran kowa da sarautarsa daidai, ya fi kwalliyar zaure muhimmanci. Idan kana shakka, ka kai jerin sunayen fada a duba maka kafin a buga.

Ka kuma koyi gina jadawali a kan lokutan sallah. Tsakanin La'asar da Magariba abin da ke hannunka bai fi awa 2 da 'yan mintoci ba. Taron da aka sa masa masu jawabi takwas a wannan tsakani, kiran sallah ne zai rufe shi. A tanadi wurin alwala da tabarmi, na maza da na mata. Jadawalin a rubuta shi minti-minti, da sunan mai alhakin kowane abu, a ba mai gabatarwa da mai lasifika da shugabar masu abinci kowa kwafinsa. Kalandar Musulunci tana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, ranar Sallah kuma sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, don haka duk hayar da ta shafi Sallah a rubuta mata rana biyu. Bukukuwa suna cunkushewa a Sha'aban da bayan Sallah da ƙarshen shekara. Zaure da masu kwalliya a kama su wata 2 zuwa 3 kafin nan.

Koyon aiki da aikin kammalawa

Shirin koyon aiki na ɗalibai, wato SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, yawanci wata 6 ne ga ɗalibin jami'a. Kada ka nemi ofishin da za ka zauna ana sa maka hannu a littafi. Nemi otal mai zauren taro ko kamfanin shirya biki a Katsina, Kano, Kaduna ko Abuja, ka roƙi a zagaya da kai sito, kicin, teburin karɓar baƙi da sashen kuɗi. Kowane taro ka ajiye kasafinsa, jadawalinsa, hotunan wurin kafin da bayan shiri, da shafi ɗaya na abin da ya lalace da dalilinsa. Hoton mutane, musamman mata a wurin kamu ko yinin biki, ba a ɗauka ko a ɗora a Instagram sai da izinin masu shi.

Aikin binciken kammalawa ka zaɓe shi daga gida: yadda ake sarrafa jama'a a Sallar Gani, ko yawan abincin da ke zubewa a walima, ko yadda masu hayar rumfa ke sa farashi. Irin wannan kana iya ƙirga shi da idonka, kuma masu sana'ar da ka yi wa tambayoyi su ne za ka yi hulɗa da su gobe.

Fara karɓar aiki

Tun kana aji uku za a fara ba ka walimar sauka ko taron ƙungiyar ɗalibai. Yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, buɗe asusun banki da sunan, kada kuɗin mai taro ya gauraya da na aljihunka. Kowane aiki a rubuta, ko da na kawunka ne ko gwaggonka. A nan ne ma aka fi jin nauyin rubutawa, kuma a nan rigimar ta fi ciwo. Takardar ta faɗi rana, wuri, adadin baƙi, abin da ke wuyanka da wanda ba ya wuyanka, kafin alƙalami nawa, yaushe za a cika, da abin da zai faru in an ɗaga biki ko an fasa. Masu kujeru da rumfa a ƙirga kayansu gaban shaida lokacin saukewa da lokacin kwashewa, a sa hannu, domin kujera 10 da suka ɓace ko suka karye daga ribarka za a cire su. Idan wani mai kaya zai ba ka la'ada, ka sanar da mai taro. Cikon kuɗin masu abinci da masu kwalliya kuma ka riƙe shi sai sun kawo kaya ka ƙirga, sannan ka biya su a ranar, ka karɓi rasit.