Kurakuran da aka fi yi wajen tsara hasken fitilu a kwamfuta

Manhajoji irin su DIALux ta kamfanin DIAL da ke Jamus, da Relux ta Suwizalan, da AGi32 ta Amurka, sun rage wa masu aikin lantarki da masu zanen gini wahala matuƙa. Tun ba a sayi fitila ko ɗaya ba, za ka ga yadda haske zai sauka a ofis ko a titi. Sai dai manhaja ba ta taɓa taka ƙafa a wurin ba, da abin da ka ba ta take lissafi. Shi ya sa idan aiki ya yi kyau a allo amma ya fito dishi-dishi bayan an ɗaura fitilun, sai ka koma ka binciki bayanan da aka shigar.

Na farko shi ne fayil ɗin fitila. Kowace fitila tana da fayil ɗinta na awo, ko IES ko LDT, wanda ke nuna yawan hasken da take fitarwa da yadda take watsa shi. Wasu kan ɗauki fayil ɗin wata fitila mai kama da tasu, su ce ai wat ɗinsu ɗaya. Wat awon wutar da fitila ke sha ne. Lumen ne awon haske. Fitilu biyu masu wat 40 za su iya bambanta sosai, ɗaya ta tattara haske ƙasa, ɗaya ta baza shi gefe. Kuma ka duba ko lumen ɗin da aka rubuta na fitilar gaba ɗaya ne ko na ƙwayoyin LED da ke cikinta kawai, domin murfin gilashi ko na roba yana cinye wani kaso. Ka nemi fayil ɗin daga kamfanin da ya ƙera ta. Idan aka sauya fitila lokacin saye, a sake lissafi daga farko.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa shi ne barin launin ɗaki yadda manhaja ta zo da shi. Yawanci tana ɗauka cewa silin yana mayar da kashi 70 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, bango kashi 50, daɓe kashi 20. Wannan lissafin ɗaki mai farin fenti ne. To, a ce ɗakin taro ne da aka lulluɓe bangonsa da katako mai duhu, aka shimfiɗa baƙin kafet, aka rataya labule masu kauri. Hasken da manhaja ta zata zai dawo daga bango, katakon ya shanye shi. A ƙaramin ɗaki abin ya fi tsanani, don bangon yana kusa da komai. Ka tambayi mai zanen gini irin fenti da kayan da za a sa, ka shigar da su. Manyan kabad da kantoci ma a saka su cikin zanen, domin suna yin inuwa, musamman a ɗakin ajiya.

Sai tsufan fitila. Haskenta na raguwa da shekaru, ƙura na kwanciya a kanta, fenti na dusashewa. Don haka ake ninka sakamako da wani adadi, sau da yawa 0.8. Wasu kan mayar da shi 1.0 don a rage yawan fitilu aiki ya yi araha. Ƙa'idar Turai ta EN 12464-1 ta nemi luks 500 (luks shi ne awon hasken da ke sauka a kan wuri) a teburin rubutu da karatu, kuma tana nufin kada haske ya sauka ƙasa da haka har lokacin gyara. Wanda ya tsara 500 cif ranar farko, gaba kaɗan 400 zai tarar. A masana'anta mai ƙura, 0.8 ɗin ma ya yi yawa.

Akwai ƙananan abubuwa da minti biyu ke gyarawa. Zanen da aka yi da milimita aka buɗe shi da mita: auna faɗin ƙofa ɗaya, nan take za ka gane. Tsayin silin: idan nisa tsakanin fitila da wurin da take haskawa ya ninka biyu, haske na komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wurin awo kuma, a ofis bisa tsayin teburi ake yi, a baranda da matakala a ƙasa.

Kada matsakaicin adadi ya ruɗe ka. Ɗaki zai iya cika luks 500 a matsakaici alhali ƙarƙashin fitila ya yi fau, lungu kuma duhu. Ka duba daidaiton haske, wato hasken wuri mafi duhu idan an raba shi da matsakaici, wanda a wurin aikin ofis ake so ya kai 0.6, sannan ka duba awon kashe ido na UGR, kada ya wuce 19. Hoton da manhaja ke fitarwa don nuna wa mai aiki yake da amfani, amma hasken allon kwamfutarka na sauya shi. Taswirar launuka mai nuna ƙarfin haske a kowane wuri da teburin alƙaluma su ne abin dogaro.

A waje, an fi yin kuskure wajen ɗaga kan fitila sama don haske ya kai nesa. Hakan na kashe wa direba ido, ya haska tagogin maƙwabta, wani ma ya tafi sama a banza. Gara a ƙara tsayin falwaya ko a rage tazara tsakaninsu. A manyan tituna, ƙa'idar EN 13201 tana auna hasken da kwalta ke mayarwa idon direba, don haka dole a zaɓi irin shimfiɗar titin daidai. Bishiyoyi ma a saka su da girman da za su kai nan gaba. Bayan an ɗaura fitilun, ka je wurin da dare da na'urar awon luks, ka auna wurare da dama, ka kwatanta da abin da manhaja ta bayar kafin ka miƙa aiki.